Kan Burtun Kawu Mamman

Tun da na dawo daga gida ba ku bar ni na sha ruwa ba. Wannan ya kira, wancan ya turo saƙo, tambayar kuwa ɗaya ce: Attahiru, ina hoton gauraka? Har na ji wasu na cewa wai ban ga komai ba, tuwon shinkafar Inna kawai na je na ci na dawo da tumbi. To na gan su, kuma hoton yana nan cikin wayata. Amma tun da kun nace, bari in ɗauko muku labarin daga tushe, in na gama kowa ya yanke hukuncinsa.

Saboda waɗanda ba sa cikin zaurenmu na masu son tsuntsaye a nan Kaduna, mu kashi biyu ne, kuma ba ma ga maciji da juna. Akwai 'yan kallo, masu madubin hangen nesa da ɗan littafi, waɗanda za su wuni a gindin bishiya don su rubuta cewa sun ga cilakowa biyu. Akwai kuma mu 'yan hoto, da ba mu yarda mun ga tsuntsu ba sai mun kawo shi gida a cikin kyamara. Su suna kiranmu mafarauta marasa bindiga, mu muna kiransu malaman ƙidaya. Ni dai da hoton biki nake cin abinci, amare da angwaye, amma zuciyata tana wajen tsuntsaye.

Shugaban 'yan kallo shi ne Malam Isiyaku, Bazazzage, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya. Mutumin kirki ne, sai dai in yana yi maka gyara ji za ka yi kamar ka koma aji uku. Mun fi shekara biyar muna musu, ban taɓa kayar da shi ba, shi ma bai taɓa sa ni na yi shiru ba.

Tsakiyar damina Inna ta kira ni daga Jega. Ba ta ma tsaya mun gama gaisawa ba.

"Auta, Kawunka Mamman ya aiko. Ya ce gauraka sun komo hwadamarmu ta Mungadi, har sun yi ƙwai."

Shekaruna arba'in da biyar amma har gobe Auta nake a bakinta. Na ce anya Kawu ba balbela ya gani ba? Ta ce in kiyayi bakina, mutumin da ya tsufa a farauta ba ya kasa gane gauraka. Sannan muryarta ta yi ƙasa, ta ce gwiwoyinta ba za su kai ta fadama ba, amma tun da aikina ke nan, in je in ɗauko mata hotonsu ta gani kafin ta bar duniya.

Ku da kuka tashi a birni ba za ku gane abin da wannan maganar ta yi mini ba. A Mungadi aka haifi Inna, ƙauye ne a ƙasar Maiyama, kuma can ake tura mu duk hutun makaranta. Mu ke tsaron shinkafa, muna kaɗa gwangwani muna korar tsuntsayen jan-baki. Da asuba kuwa ba zakara ke tashe mu ba, kukan gauraka ne daga fadama, garke guda, suna rawa suna tsalle da tukkunsu mai ruwan zinariya. Ba mu ɗauke su a bakin komai ba a lokacin. Ban san ranar da suka daina zuwa ba, haka kawai wata shekara aka wayi gari babu su, kuma shekara talatin ke nan ban sake jin wannan kukan ba.

Na yi kuskuren faɗa wa Malam Isiyaku, don in ba shi haushi. Washegari sai ga shi a shagona da jakarsa a rataye. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin gauraka a daji ba, sai waɗanda aka yanke wa fiffike a gidajen manya, don haka ƙafata ƙafarsa. Ya kuma kafa mini sharaɗi biyu, kai ka ce shi ya gayyace ni: ba za mu faɗa wa kowa wurin ba, kuma ba za mu matsa kusa da sheƙa ba. Na ce na ji.

Ta Kwantagora muka bi, a motar haya, mu huɗu a baya kamar kifi a kwando. Hanya duk ruwa ya cinye ta. Direbanmu ɗan Koko ne, kuma duk ramin da ya faɗa sai ya ce wannan sabo ne, jiya babu shi. Daidai inda za mu shiga ƙasar Kebbi aka tsayar da mu a shinge, aka ce kowa ya sauko da kayansa. Jami'in ya buɗe doguwar jakata, ya ga bakin kyamarata, wanda tsawonsa ya kai kamu ɗaya, baƙi wuluk, an naɗe shi da tsumma. Nan take ya ja da baya, ya ce mene ne wannan. Kafin in buɗe baki Malam ya riga ni.

"Bindiga ce, ranka ya daɗe. Amma ba ta kisa, kora kawai take yi."

Kai, wannan tsoho! Sai da na haɗa kyamarar a gabansu, na ɗauki jami'in hoto, na nuna masa fuskarsa har da gumin hanci, sannan ya yi dariya ya sake mu. Abokan aikinsa uku ma suka ce sai an ɗauke su. Fasinjoji suka yi ta tsine mana har Yawuri.

A Yawuri Allah ya rama mini. Mun sayi soyayyen kifi da yaji, Malam ya ɗora nasa a kan bayan mota, ya ɗaga madubi yana bin wata shirwa da ke shawagi, yana yi mini bayanin yadda jelarta take. Yana cikin bayanin wata shirwar ta sauko ta bayansa ta sure kifin. Na ce masa ya rubuta a littafi: shirwa biyu, kifi babu.

Mun ratsa Maiyama ba mu tsaya ba, muka isa Jega da la'asar. Garin ya miƙe ya cinye gonakin da na sani, shaguna har inda muke buga ƙwallo da. Amma da na ji mahauta na kiran ciniki da irin maganarmu, na ji 'yan kabu-kabu na cewa "ina za ka, taho mu tahi", sai harshena ya juye da kansa. Malam ya dube ni ya ce ashe da ma aron Hausa nake yi a Kaduna.

A zauren gidanmu aka shimfiɗa mana tabarmi. Inna ta fito tana dafa bango, ta rame, amma bakin nan yana nan yadda na bar shi. Ta dubi Malam ta ce shi ne wanda ke hana Auta aiki? Malam ya rusuna ya ce shi ne, Hajiya. Ta ce madalla, ya ci gaba, don tun ina yaro ba ni da haƙuri. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar sure. Malam ya yi loma uku yana yabon wannan baƙon ganye, sai da na ce masa yakuwa ce fa, irin wadda ke bayan gidansa a Zariya.

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce ta washegari. Mun fito za mu gulbi, wata mata a ƙofar gida ta ɗaga murya: "Dawo! Dawo!" Malam ya juya ya koma wurinta da ladabi, ya ce ga shi, lafiya? Matar ta buɗe ƙwarya ta ce na nawa za a ba shi. Mu a wajenmu dawo shi ne curin fura, wanda ya tafi kuwa komowa yake yi. Kunya ta sa ya saya, muka dama a bakin gulbi muka sha.

A bakin gulbin nan ne muka yi faɗanmu na farko a wannan tafiyar. Balbelu sun cika wata bishiya fari fat, ga zalɓe a tsaye cikin ruwa, ga kirinjijiya suna ta fito. Ni kuwa tsuntsu a zaune bai cika burge ni ba, na fi son shi da fiffike a buɗe. Sai na saita kyamara, na tafa hannu da ƙarfi. Kowane ɗan hoto ya san wannan dabarar, ko da ba zai faɗa a zaure ba. Bishiyar ta tashi gaba ɗaya. Malam ya yunƙuro daga inda yake zaune yana cewa haba Attahiru, haba, bai duba gabansa ba, santsin laka ya kwashe shi. Kafin mu iso gida idon sawunsa ya kumbura ya yi suntum.

Shi asibiti ya so a kai shi a ɗauki hoton ƙashi. Amma a Jega in ka ce ƙafa, kowa Aliero zai ce maka, daga Inna har mai shagon ƙofar gida. Aliero ba nisa, kuma abu biyu aka san ta da su, albasa da ɗori. Tun kafin ka shiga gari warin albasa ke tarbarka daga rumbunan da ake ajiye ta. Muka sami mai ɗorin a rumfarsa, dattijo mai farin gemu, mutane na jere a tabarma, wani da hannu a ɗaure da karare, wani da ƙafa. Ya shafa man shanu, ya lallatsa, yana ta jan Malam da hira yana tambayar sana'arsa. Malam na tsakiyar bayanin amfanin kallon tsuntsu, dattijon ya fizgi ƙafar. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar sai da ya kira sunan mahaifiyarsa.

Targaɗe ne, ba karaya ba. Aka ɗaure, aka ce kwana goma kada ya taka laka. Dattijon yana wanke hannu ya ce shi fa bai gane ba, mu biyu duk tsuntsu muka biyo tun daga Kaduna, ba ci za mu yi ba, ba sayarwa ba, to faɗan na mene ne? Malam ya ce shi in ya ga tsuntsu ya gode wa Allah, ya bar shi yadda ya same shi, mu kuwa sai mun taɓa. Raina ya ɓaci. Na ce masa kallonsa shi kaɗai yake amfana, in ya mutu ya tafi da abinsa. Na ce ga Inna can ba ta iya zuwa fadama, littafinsa zan kai mata ta karanta "gauraka biyu"? Malam ya ce wannan kam ina da gaskiya. Dattijon ya ba mu albasa cikin leda, ya ce mu je mu shirya.

Ranar Talata muka koma Maiyama, daga nan muka hau kabu-kabu zuwa Mungadi, Malam da ƙafa a miƙe kamar mai tallan bandeji. Hanyar ta bi ta cikin gero da dawa da suka fi mutum tsawo. Na gane tsamiyar bakin gari, na gane rijiyar da na taɓa jefa takalmin yayana a ciki. Mutanen da na sani kuwa rabi suna maƙabarta.

Kawu Mamman ƙanen Inna ne. A da babu maharbi kamarsa a yankin, yanzu ya ajiye bindiga ya kama noman shinkafa da limancin unguwa. Ya sauke mu a zaurensa, aka kawo fura da nono mai sanyi daga rugar da ke bayan gari. Ina ɗaga kai sai na ga abin a rataye a jikin bango, ƙura ta rufe shi: kan burtu. Malam bai taɓa gani ba, sai na yi masa bayani. Burtu babban tsuntsu ne baƙi mai tafiya a ƙasa, namun daji ba sa tsoronsa. Maharba sai su sassaƙa kansa da itace, su rufe da baƙar fata, su ɗaura a goshi, su yafa baƙin zane, su duƙa suna tafiya suna sunkuyar da kai kamar mai kiwo, har su iso dab da abin da za su harba. Ina yaro na sha laɓewa ina kallon Kawu yana yi, a ganina babu gwanintar da ta kai wannan a duniya.

Kafin mu fita Kawu ya ja mana kunne.

"Ban hwaɗa ma kowa ba sai Innarka. In labarin ga ya kai kasuwar Maiyama, gobe masu tarko na nan. Manya na saye su aje cikin gida."

Malam ya dube ni, na kau da kai.

Da yamma ya kai mu wani tudu a bakin fadama, gindin wata kanya. Ya nuna da haɓa. Da farko ban ga komai ba sai ciyawa da ruwa. Sannan wani abu ya motsa, dogon wuya ya miƙe, rana ta bugi tukkun nan. Ɗaya yana kwance a kan sheƙa a tsakiyar ruwa, ɗayan yana kiwo kusa da shi. Can sai na tsayen ya ɗaga kai ya yi kuka. Wallahi ban san hawaye na zubo mini ba sai da na ji gishiri a baki. Na ji ƙamshin dafaffen gyaɗar kakata, na ji muryar yayana da ya rasu yana cewa in tashi jan-baki sun sauka. Malam ma ya daɗe da madubi a ido, bai rubuta komai ba sai da duhu ya fara.

Kawu ya ce ƙwai uku ne, kuma karɓa-karɓa suke yi. In macen ta tashi kiwo, namijin ya kwanta. Ba a taɓa barin ƙwan shi kaɗai, don hankaki na bisa giginya suna jira.

Matsalata ita ce nisa. Daga gindin kanyar, duk tsawon bakin kyamarata, abin da nake samu ɗigo ne baƙi a cikin kore. In na nuna wa Inna wannan, cewa za ta yi kaza ce. Abin haushi kuma, ga manoma can suna cirar ciyawa a shinkafa, tazararsu da sheƙar ba ta fi taku arba'in ba, tsuntsayen ko kallonsu ba sa yi. Na tambayi Kawu. Ya ce ai sun saba da su ne. Ya ce in ina so, in cire wannan rigar tawa mai aljihu goma, in sa tsumma, in ɗauki hauya in bi manoma aiki, kullum in matsa kaɗan. Kwana bakwai, in ji shi, za su ɗauke ni ɗan gida. Malam ya ce wannan ita ce magana.

Ni kuwa ina da biki ranar Asabar a Kaduna, na riga na yi wa mutane alkawari. Laraba ta wuce ina zaune a gindin kanya ina ɗaukar ɗigo. Malam na ta murna yana rubuta ƙarfe nawa suka yi canji, ni ina ta cizon yatsa. Duk lokacin da muka koma zaure, idona sai ya je kan bangon nan.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba Kawu ya tafi raɗin suna a wata unguwa. Malam ya ɗauki sandarsa ya ɗingisa zuwa kanya, na ce masa ya yi gaba, zan canza batir. Yana fita na sauke kan burtun, na kakkaɓe, na ɗauki baƙin bargon da na kwana da shi. Ban ɗauka ina yin laifi ba, ku ji ni da kyau. A raina cewa nake yi wannan ai dabarar gidanmu ce, ta kakannina, wadda Malam da littattafansa ba su san da ita ba. Har ina hango yadda zan ba da labarin a zaure.

Na zagaya ta ɗaya gefen fadamar, na ɗaura, na yafa bargo, na rataya kyamara a ƙirji, na duƙa. Ruwa har gwiwa, sauro kamar su cinye ni. Ina taku uku in sunkuyar da kai, in ɗaga, yadda na ga Kawu na yi. Daga nesa na hango Malam ya miƙe tsaye a kan ƙafa ɗaya yana kaɗa hula. Ba zai iya kira ba, don kiran ma zai tashe su. Na yi kamar ban gan shi ba.

Ban kai ko inda manoma ke tsayawa ba namijin ya daina kiwo. Ya miƙe wuya ya yi wani irin kuka da ban taɓa ji ba, gajere, mai kaifi. Macen ta tashi tsaye a kan sheƙa. Na ce a raina to ga dama, na ɗaga kyamara. Suka yi gudu taku biyu a kan ruwa suka tashi tare, fiffike a buɗe fari da baƙi da ja, tukku a tsaye, hasken safiya a bayansu. Yatsana na kan maɓalli ina ta dannawa. Shekara ashirin ina ɗaukar hoto ban taɓa samun irinsa ba, kuma na sani tun a lokacin. Suka yi yamma, suka yi ta ƙanƙancewa har na daina ganinsu.

Na fito ina murmushi, laka har ƙugu. Na ce wa Malam yanzu za su zagayo, ai haka balbelu suka yi. Bai ma dube ni ba. Muna nan Kawu ya iso da goron suna a hannu. Ya dubi fadama, ya dubi abin da ke goshina, don na ma manta ban cire ba. Na zaci zai yi faɗa. Zama ya yi a ƙasa.

"Attahiru, yaushe rabonka da ganin burtu mai rai?"

Na ce tun ina yaro ma ban taɓa gani ba.

"To su ma haka. Burtu ya ƙare ƙasag ga tun kahin a yaye ka. Duk burtun da tsuntsu ya gani yanzu, mutum na da bindiga. Ni na koya musu hakan ga. Da wanga kai na kashe kakanninsu, ba ɗaya ba, ba goma ba."

Ya ce shekara da shekaru yana roƙon Allah ya komo da su ko sau ɗaya, don ya ga ya bar su sun ƙyanƙyashe lafiya.

Muka wuni a gindin kanyar, mu uku. Aka kawo abinci ya huce. Duk tsuntsun da ya gifta sai in miƙe tsaye, in duba in ga zalɓe ne. Da la'asar hadari ya haɗo, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, muna tsaye a ciki muna kallon sheƙar da babu kowa a kai. Na ce bari in je in rufe ƙwan da hulata, Kawu ya riƙe mini hannu, ya ce in sun hango mutum a wurin, ɗan abin da ya rage ma ya tafi. Washegari da sassafe muka tarar da hankaki huɗu a kan sheƙar.

Da za mu tafi na durƙusa na ba Kawu haƙuri. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya ce wataƙila baɗi, in suna da mantuwa. Kan burtun kuwa bai mayar da shi bango ba, na ga ya tura shi ƙarƙashin rumbu.

A motar Maiyama zuwa Jega na jira Malam ya fara karatu. Na ma shirya, don na cancanta. Sai ya ce shi bai sani ba ko gaskiya tsuntsu na gadon tsoro, ko kuwa duk abin da ya rarrafo wajen sheƙa haka za su yi masa. Ya ce kuma da bai zame a gulbi ba da yana kusa da ni, da ya riƙe ni. Ya buɗe littafinsa ya nuna mini: gauraka biyu, ƙwai uku, ranar Talata. Bai rubuta sunan gari ba, bai rubuta Alhamis ba. Ya ce ba zai faɗa a zaure ba, labarina ne, in na ga dama in bayar. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muka sami Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa. Tun daga zaure take tambaya an samu? Na tura hoton cikin waya, na durƙusa gabanta na miƙa mata. Ta goge hannu a zane, ta kai wayar kusa da ido, ta nisanta, ta sake kawowa.

"Su na. Wallahi su na, Auta."

Ta yi dariya irin wadda rabona da ji tun Baba na da rai. Ta shafa tukkun da ɗan yatsa. Ta shiga ba Malam labarin yadda suke 'yan mata suna kwaikwayon rawarsu a bakin fadama, har mahaifinsu ya biyo su da tsumagiya. Na ce a raina, to ko ba komai ga wannan. Sai na ga dariyar tana raguwa. Ta sa yatsa a kan ɗaya, ta sa a kan ɗayan. Ta dubi koriyar ciyawar da ke ƙasan hoton, ta daɗe tana dubawa.

"Kawunka ya ce sun yi ƙwai."

Na ce e, Inna.

"Ga su su biyu bisa. To wa anka bari bisa ƙwai?"

Na kau da kai. Malam ya sunkuyar da kai yana gyara ɗaurin ƙafarsa. Inna ta dube ni yadda take dubana in na fasa tulu ina yaro, ta kife wayar a kan tabarma, ta turo mini ita. Sannan ta ja farantin shinkafarta, ta ce a kawo wa baƙo ruwa.

Na yi bikin Asabar, amarya ta yi kyau, kowa ya yaba hotuna. Wancan na gaurakan kuwa yana nan, kuma ba ƙarya nake muku ba, ya fi duk wanda aka taɓa sawa a zaurenmu. Duk wanda ya samo mini amsar da zan ba Inna, ya kira ni in tura masa.